Taubashina da Rijiyoyin Burtali

Mutumin da zan ba da labarinsa taubashina ne. Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, wato ni ɗan namiji, shi ɗan mace, kuma bisa al'ada ni ne ubangidansa. Tun muna yawo ba wando nake tuna masa da haka, shi kuwa bai taɓa yarda ba. Ya yi aikin malamin dabbobi a En'e, wato hukumar gargajiya, daga baya ya zama wakili a Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna. Ni kuwa fataucin shanu na yi har ƙafafuna suka gaji.

An haife mu a Sakkwato ba da daɗewa ba bayan zuwan Nasara. Da muka yi wayo, zancen zuwan nasu bai tsufa ba a bakin manya, sai dai sukan sassauta murya in sun zo kansa. Gidajenmu biyu katanga ɗaya ta raba su, kuma dukkanmu rundawa ne, wato mahauta. Mahaifinsa na da rumfar nama a kasuwa, nawa kuma shi ke shiga ƙauyuka yana sayo dabbobi. Aikinmu mu yara shi ne kai awaki da tumaki kiwo bayan ganuwa. Wajen da ake kira Minanata yanzu, inda gidaje suka cika, a lokacin gonaki ne da sabara, kuma can muke wuni muna harbin kurciya, ba ma samu.

Shi yaro ne mai yawan tambaya da yawan ci. Ba ya ganin abu ya wuce. Ranar da muka fara ganin Bature ido da ido, a bakin kasuwa, ni da sauran yara muka watse, shi kuwa ya bi mutumin a baya har sai da dogari ya kore shi. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya gano.

"Mutum na," in ji shi. "Na ji shina tari."

Wata shekara aka aiko wa masu unguwanni cewa kowa ya kawo yara a sa su makarantar boko. Masu hali suka tura nasu 'ya'yan ƙauye wurin dangi, sai mai unguwarmu ya biyo ta gidajen talakawa. Ya iske mahaifina da mahaifin taubashina zaune a zaure, mu kuma muna gefe muna shanya fatu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, irin ta wanda ya zo da abin da ba a so, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Iyayenmu suna kallon ƙasa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Sai taubashina ya ajiye fatar da ke hannunsa ya ce:

"Baba, can makarantar, ana ba da tuwo?"

Mai unguwa ya ce ana bayarwa, har da riga.

"Tau, ni ka zuwa."

Gwaggona, uwarsa, ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Ta sa aka yi masa rubutu ya sha, ta ɗinka masa laya a wuyan riga. Duk ranar da ya zo gida hutu, kafin ya shiga ɗakinta sai ta sa shi ya karanta Fatiha da ƙananan surori a bakin ƙofa, don ta tabbatar ba a musanya mata ɗa ba. Yakan karanta da ƙarfi har maƙwabta su ji, sannan ya ce, "Inna, ni na ko ba ni ba?" Ita kuma ta ce, "Shigo, ja'iri," ta miƙo masa ƙwaryar fura.

Da ya fara iya haɗa baƙi, sai ya zama abin kallo a kasuwa. Masu sayar da gishiri da masu atamfa sukan kira shi ya karanta musu rubutun da ke jikin buhu ko bandir. In ya gane ya faɗa, in bai gane ba ya ce sunan garin da aka yi abin ne, kuma garin na da nisa. Kowa ya gamsu, a ba shi ƙosai. Ni nake riƙe masa ƙosan, don haka ban taɓa tona shi ba. Shi ne ma ya fara nuna mini baƙaƙen boko, yana zanawa da tsinke a ƙasa, ko da yake sai da na girma na shiga ajin manya sannan hannuna ya faɗa da rubutu.

Da ya gama makaranta aka tambaye shi aikin da yake so. Abokansa duk ofis suka zaɓa, inda akwai inuwa da kujera. Shi ya ce a ba shi aikin dabbobi, don su ya sani. Aka tura shi koyo, ya dawo da akwatin allurai da takalmi mai igiya, aka ba shi doki. Aikinsa shi ne ya bi rugage yana yi wa shanu rigakafin bushiya, cutar da kan share garke ta bar makiyayi da sanda kaɗai.

Farkon aikin bai yi daɗi ba. Fulani sun ɗauka ƙidayar jangali ce aka ɓoye a cikin allura. Da sun hango dokinsa sai su kora shanun daji, ya iske tsofaffi mata da karnuka. A lokacin na fara bin mahaifina sayen dabbobi, don haka sau da yawa hanyarmu takan haɗu. Wata rana muka sauka tare a wata ruga da ake shirin suna. An kayar da rago an yanka, amma saurayin da aka ba fiɗa sai fama yake yi, yana huda fatar nan da can. Taubashina ya yi ta kallo yana cije leɓe. Da abin ya ishe shi, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a reshe, ya ce a ba shi wuƙa. Kafin mata su gama jera ƙore, ya feɗe ragon, ya rarraba naman kashi-kashi, ya shimfiɗa fatar ba ko ƙwarzane.

Arɗon rugar, wani dogon tsoho mai jan gemu, ya dube shi ya ce, "Kai ba malamin Nasara ba ne?"

"Ni na, Arɗo. Amma kahin nan ɗan barunje nike."

Tsohon ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce bai taɓa ganin malami da jini a gwiwar hannu ba. Muka ci nama, muka sha nono, ba wanda ya ta da zancen allura. Sai da muka tashi tafiya arɗon ya ce masa in ya dawo kasuwa ta gaba zai iske shanun a gida, amma da sharaɗin ba zai ƙirga su ba. Taubashina ya ce shi aikinsa tsirawa, ba ƙirgawa ba. Ya cika alkawari, kuma labari ya bi rugage. Cutar da ta zo bayan haka ta yi ɓarna a wurare da yawa, amma garken arɗon nan ya tsira, sai ya zamana makiyaya ne ke aiko masa ya zo.

Ya daɗe a wannan aiki. Doki ya tsufa aka ba shi keke, keken ya sha ƙaya har ya ce gara dokin. Ya yi aure, ya yi ƙiba, ya yi 'ya'ya. Ni kuma na gaji mahaifina, na shiga kora shanu zuwa kudu. A wannan hanya akwai wani dogon fage da in rani ya yi nisa ba ruwa ko na wanke fuska. Mukan shiga shi da shanu masu ƙiba mu fito da ƙasusuwa, wasu kuma mu yanka su a hanya don kada su mutu mushe. Wata bazara aikinsa ya kai shi wannan yanki, ya bi ayarinmu. Ya ga yadda shanu ke sa baki cikin busasshen tafki suna lasar laka. Ya ga wani makiyayi, babban mutum, zaune kusa da saniyarsa da ta kasa tashi yana mata fifita da malafa. Sai da muka kai ruwa, muka sha, muka yi salla, ya ce mini:

"Ruwan na nan ƙasa. Masu gina na babu."

Shekaru suka wuce, aka zo da zancen majalisa a Kaduna, aka ce kowane lardi zai tura wakilai. Zaɓen lokacin hawa-hawa ne: unguwa ta fitar da mutum, waɗanda aka fitar su taru su fitar da wasu, har a kai sama. Rundawa da dillalan shanu da masu fatu suka tsaya a kan shi. Hakiman da ya yi wa talakawansu aiki ba su ƙi ba. Amma a gari an yi surutu. Wasu suka ce yaushe ɗan mahauci zai zauna inda 'ya'yan sarauta da manyan malamai ke zama. Zancen ya kai kunnensa, ya ce a gaya musu ba yanka za shi yi can ba, magana za shi yi, kuma duk Sakkwato an san ba ya gajiya da ita.

Ranar da aka tabbatar da shi, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa, wanda a lokacin ya tsufa ya bar kasuwa. Tsohon ya saurara, ya ce:

"Mi a aikin?"

"Baba, in tashi in faɗi abin da ad damun mutane."

"Su kuma su yi mi?"

"Su saurara."

"Shi ke nan?"

"Wani lokaci su yi."

Tsohon ya jinjina kai ya ce Allah shi sa albarka, amma shi bai ga aiki a nan ba. Gwaggo kuwa ta shiga yin kilishi da dakkan fura kamar mai shirin aurar da 'ya.

Na raka shi tafiyar farko, da hujjar ina da harka a kasuwar shanu ta can. Gaskiya kallo na je yi. Muka hau babbar mota zuwa Gusau, daga nan muka shiga jirgin ƙasa. An ɗinka masa babbar riga mai aska da rawani sabo, ya hana kowa taɓa su, ya sa a akwati ya zauna a kai. Duk tashar da muka tsaya sai ya leƙa ta taga ya sayi abin ci, yana cewa wakili ya kamata ya san abin da talakawan kowane gari ke ci.

Zauren majalisar ya fi duk ginin da na taɓa shiga. Aka nuna mini wurin 'yan kallo a sama, na zauna ina leƙen rawuna. Bature ne ke shugabantar zaman a lokacin, kuma akwai tafinta, wani saurayi Bakano mai tsabta, wanda ke juya Hausa zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa. Taubashina na jin Turanci daidai gwargwado, amma ya ce da harshen uwarsa zai yi magana don kada ya yi tuntuɓe. Aka yi kwanaki bai ce uffan ba, har na fara tsokanarsa cewa an turo bebe. Rannan sai na ga ya miƙe, ya gyara hannun riga.

"Ranka shi daɗe," ya fara, "ni daga Sakkwato nike."

Wani wakili daga Kano ya ce, "Mun ji!" Zaure ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, ya jira aka lafa, ya ci gaba.

"Abin da nit taso in faɗi, hanyar da muka kora dukiyarmu zuwa kudu, in rani ya yi, bisa ba ta samun ruwa. Muna roƙon gwamnati ta duba."

A wurinmu bisa ita ce dabba. Tafinta kuwa ya ɗauka sama ake nufi. Ya juya ya shaida wa Bature cewa wakilin Sakkwato na kukan babu ruwa a sama da rani, yana roƙon gwamnati ta yi wani abu. Baturen ya cire tabarau ya dube shi, ya yi magana a hankali, tafinta ya mayar mana: shugaba ya ce yana tausayawa ƙwarai, amma saukar da ruwan sama ba ya cikin ikon wannan majalisa.

Taubashina ya ɗaga hannu biyu. "A'a, ranka shi daɗe! Ba wagga bisa ba. Bisa mai ƙahoni! Mai wutsiya!" Ya ɗora yatsu a kan rawaninsa yana nuna ƙaho.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Manyan mutane suna share hawaye da bakin rawani. Tafintan ya rufe fuska da takarda, kafaɗunsa na rawa. Da aka bayyana wa Baturen, shi ma ya yi ja har kunne. Sai da aka natsu taubashina ya faɗi maganarsa tiryan-tiryan. Ya kwatanta fagen, ya faɗi yadda shanu ke zubewa, ya ba da labarin mutumin nan mai yi wa saniya fifita. A nan ba wanda ya yi dariya. Ya ce ba ya roƙon abu mai wuya, rijiyoyi ne a kan burtali, wato hanyar shanu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta tafiyar wuni.

Aka ce za a duba. Da muka fito, wakilan da ba su san shi ba suka yi ta zuwa suna ba shi hannu. Tafintan ya zo ba da haƙuri, taubashina ya ce ai shi ya kamata ya yi godiya, don ba don kuskuren ba da rabinsu barci suke yi. Ya ja shi masaukinmu ya cika masa hannu da kilishin gwaggo. Sun yi zumunci har tsufa.

"Za a duba" ɗin nan ta ɗauki lokaci. Duk zaman da aka yi sai ya ta da zancen. In ana maganar makarantu, ya goyi baya, sannan ya ce yaran makiyaya ma sai sun sha ruwa kafin su yi karatu. In ana maganar hanyoyin mota, ya ce akwai wata hanya da ta girme su duka. Har ya zamana da ya miƙe sai a ji wani ya ce, "Ga rijiya ta taso."

A gida kuwa zaurensa bai taɓa zama ba kowa ba. Mutane ba su bambance wakili da alƙali da likita ba. Wata tsohuwa ta zo ta ce a yi doka a kan akuyar maƙwabciyarta da ke cinye mata shanyar gero. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce majalisa ba ta zama sai bayan salla, amma kafin nan zai aika a gyara mata danga. Ya aika aka gyara. Wani tsohon ɗan kasuwa kuma kullum zancensa ɗaya, a jawo jirgin ƙasa ya iso Sakkwato. Taubashina ya kai wannan magana Kaduna ba sau ɗaya ba, bai yi nasara ba, kuma bai ɓoye wa tsohon ba. Ya ce masa, "Alhaji, na faɗi, ba su yi ba." Tsohon ya ce to ya ƙara faɗi. Har yau jirgin bai iso ba.

Rijiyoyin dai an gina su, ko da yake ba duka ba. Cikin waɗanda aka gina, ɗaya ta ba da ruwa mai kanwa wanda shanu ke so mutane ba sa so, ɗaya kuma ta ƙafe bayan 'yan shekaru. Sauran sun rayu. Ranar buɗe ta farko na je, don ni ma mai amfani da ita ne. Hakimin yankin ya zo, da wani Baturen ayyuka, da makiyaya masu yawa da suka tsaya nesa kaɗan da shanunsu. Aka ce wakili ya ja gugan farko. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya zura guga. Da ya sunkuya ya leƙa don ya ga ko ya cika, sai rawanin ya kwance ya bi shi. Muna kallo farin ƙyalle na sauka a hankali har ya kwanta a kan ruwa.

Kowa ya danne dariya, don ba a san ko ta halatta a gaban hakimi ba. Shi kuwa ya tsaya da ƙaramar hula a kai, ya ci gaba da ja. Gugan ya fito cike, rawanin na rataye a jikinsa yana ɗiga. Ya ɗaga shi sama ya ce:

"Jama'a, ku shaida, akwai ruwa!"

Hakimi ne ya fara fashewa, sannan kowa. Aka zuba ruwan a kwami, makiyaya suka saki shanu. Na ga taubashina ya koma gefe da jiƙaƙƙen rawaninsa a kafaɗa, yana kallon yadda suke sha, bakinsa na motsi. Ban tambaye shi abin da yake faɗi ba.

Da zamanin jam'iyyu ya yi ƙarfi, siyasa ta koma ta taro da kirari da jifa, sai ya ce shi ya gaji. Bai sake neman kujerar ba. Ya dawo gida ya shiga cikin masu sayen fatu, yana koya wa matasan rundawa shanya fata a inuwa don ta yi daraja. Ya sayi rediyo, ya ajiye a zaure. In ana ba da labarin majalisa sai ya matso da shi kusa, yana ba shi amsa. "Ƙarya kaka yi!" "Awo, wanga ya san abin da shika faɗi." Jikokinsa sun daɗe suna zaton mutanen cikin akwatin na jinsa.

Mun tsufa tare, kusan kullum muna zaune a tabarma ɗaya. A daminarsa ta ƙarshe gulbin Rima ya cika ya batse, gari duka na zancensa. Ƙafafunsa sun riga sun kumbura, ba ya fita, amma ya nace sai ya gani. Ɗansa ya ɗauke mu a mota bayan la'asar, aka shimfiɗa mana darduma a kan tudu. Ruwa ya shafe fadama har iyakar gani, masunta na ta kai da kawo a kwale-kwale. Ya hangi wata mata tana suyar kifi, ya ce a sayo. Ɗan ya ce likita ya hana shi mai. Taubashina ya ce likita ba ya nan. Muka ci kifin nan da yaji, muna zare ƙaya, yana ba ni labarin wani wakili da ya taɓa yin barci a majalisa har ya faɗo daga kujera. Na sha jin labarin, amma na yi dariya kamar yau na fara ji. Da rana ta yi ƙasa ya ce a mai da shi gida kada magariba ta same mu a hanya.

Ya rasu kafin a yanke gero. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.